Akwatin Cajin Mota a Gida

Mai doki ba ya barin dabbarsa ta kwana da yunwa in zai yi sammako. Haka mai motar lantarki yake. Irin wannan mota ba ta shan fetur. Abincinta wutar lantarki ce, wadda ake tarawa cikin wani babban batir da ke ƙarƙashinta.

A can arewacin Turai akwai wata ƙasa mai tsananin sanyi, ana ce da ita Norwe. A shekarar 2024, cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a ƙasar, kusan 9 masu lantarki ne. Yawancin masu motocin nan a gida suke yi musu caji, da dare, sa'ad da kowa ke barci. Don haka sukan kafa wani ɗan akwati a jikin bango, kusa da inda motar ke kwana. Wata waya mai kauri ke haɗa shi da motar.

Me ya hana a jona mota a soket na ɗaki, kamar yadda ake jona rediyo? Dalilai biyu ne. Na fari, jinkiri. Ana auna ƙarfin wuta da kilowat, kuma kilowat ɗaya na tsawon sa'a ɗaya shi ne awo ɗaya. Soket na ɗaki yana ba da kamar kilowat 2 kaɗai. Batirin da ke ɗaukar awo 60 sai ya yi sa'a 30 kafin ya cika. Amma akwatin bango mai kilowat 7 yakan cika shi cikin sa'a 9, watau dare guda.

Na biyu, haɗari. Ba a yi soket na ɗaki don ɗaukar nauyi mai yawa dare farai ba. Idan ya tsufa ko ya yi sako-sako, yakan yi zafi har ya narke, gobara ta tashi mutane na barci.

Shi kuwa akwatin, mai tsaro ne. Ba ya sakin wuta sai motar ta ba shi alama cewa an haɗa ta daidai. In wuta ta soma bin inda bai kamata ba, nan da nan sai ta yanke. Saboda haka ba kowa ke kafa shi ba, sai gwanin aikin lantarki. Shi zai duba ƙarfin wayoyin gidan, sa'an nan ya jawo wa akwatin tasa waya dabam. Rigakafi, an ce, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne abincin motar lantarki?
2. Faɗi dalilai biyu da suka sa ake kafa akwatin caji.
3. Sa'a nawa akwati mai kilowat 7 zai yi kafin ya ba da awo 42?