Gonar Jingina da Rabon Gado

Magidanci a Dogo-Dogo ta Nijar kan jinginar da gona ko gida idan rumbu ya ƙare ana tsakiyar damina, ko jinya ta ci ƙarfinsa. In ajali ya riske shi bai fanshe ba, bashin yana nan a kan dukiyar. Aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i sun sanya rabon gado a bayan wasiyya da bashi. A Malikiyya, kamar yadda Muhtasar na Shaihu Halilu ya tsara, mai riƙe da jingina ake fara sallama daga abin da ke hannunsa, tun kafin kuɗin likkafani. Sai sauran basussuka, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ne gado.

Magada na iya haɗa kuɗi su fanshi gonar, ko a sayar a biya, a raba ragowar. In kuɗinta bai kai ba, a cike daga sauran dukiyar mamacin. Ba a tilasta wa ɗa ya biya daga aljihunsa. Babban wa da ya fansa shi kaɗai bai zama mai gona ba. Kuɗinsa yake bi, rabon gwauruwa da na ƴaƴa mata yana nan, kuma a nan aka fi tauye marayu.

Rigima takan tashi ne daga jinginar baka. Shaidu sun mutu, mai riƙo ya shekara ashirin yana noma gero, ƴaƴansa sun tashi suna cewa saye ne. A bakin iyakar Jigawa akwai ƙarin gardama: naira aka karɓa ko sefa? Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, wato Kofo, masu ba da takardar shaidar jingina. Ya kamata a rubuta adadin kuɗin, nau'insa da iyakokin gonar tun mai ita yana raye.

Bayan rasuwa, a yi cigiyar masu bin bashi a zaman makoki, a tara shaidu gaban mai gari da liman kafin a auna ko da taki ɗaya. In sulhu ya gagara, sai kotu. Gidan da banki ya karɓi takardarsa kuwa, bashin na bin sa duk hannun da ya koma, don haka a je da takardar mutuwa a tambayi ragowar bashin, da ko akwai inshora a kansa.