Yadda Za A Kiyaye Sikirin Daga Lantarkin Gogayya

Jama'a, wannan takarda domin masu gyaran waya da talabijin da kwamfuta a ka yi ta, da yaransu masu koyon aiki. Maganar da za mu yi a kan wata ɓarna ce wadda ta kan auku a teburin mai gyara, shi kuwa bai sani ba.

Kowa ya taɓa tuɓe rigar nailan cikin duhu da hunturu, ya ji tana ƙas-ƙas, har ya ga ɗan tartsatsi. Wannan ita ce lantarkin gogayya. Idan abu biyu suka gogi juna, sa'an nan suka rabu, lantarki ta kan taru a jikinsu, ta kwanta tana jiran hanyar wucewa. Mai son ya gwada, sai ya goga matajin roba a gashinsa, ya kai shi kusa da gutsattsarin takarda. Zai ga sun tashi sun manne masa.

Yadda sikirin ya ke

Sikirin irin na LCD gilashi biyu ne a haɗe. A tsakaninsu akwai wani ruwa da a ke kira ruwan kiristal, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba. Wani masani mutumin Ostiriya, Friedrich Reinitzer, shi ya fara lura da irin wannan ruwa a 1888. A 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya sikirin da a ka yi da shi.

Hoton da mu ke gani ɗige-ɗige ne. Sikirin mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo fiye da miliyan 2. Kowane ɗigo ya kasu uku, ja da kore da shuɗi, kowane kashi kuma da ɗan makunninsa da a ke kira taransisto. Watau makunnai sun haura miliyan 6, duka a kan gilashi guda. A gefe kuma akwai aisi mai ba su umarni. Waɗannan duka da 'yar wuta kaɗan su ke aiki, ba su jure wa mai yawa.

Inda haɗarin ya ke

Mutum ba ya jin tartsatsi sai ƙarfinsa ya kai wajen bolt 3,000. Alhali kuwa abin da bai kai bolt 100 ba ya isa ya ƙone waɗansu ƙananan kayan lantarki. Ashe ke nan mai gyara ya iya kashe sikirin da yatsansa, bai ji kome ba, bai ga kome ba.

Laimar iska ita ke zurarar da wannan lantarki kafin ta taru. Masana sun auna, sun ga mai tafiya a kan kafet ya kan tara har bolt 35,000 in iska ta bushe, amma in da laima sosai ba ya wuce kamar 1,500. To, a ƙasarmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Saboda haka hunturu shi ne lokacin da ya fi haɗari.

Alamun ɓarnar su ne layi a tsaye ko a kwance wanda ba ya gushewa, ko ɗigo mai haske a wuri guda, ko sikirin ya ɗauke gaba ɗaya. Mafi muni kuwa ita ce ɓoyayyiyar ɓarna. Sikirin ya yi aiki yau, mai kaya ya biya ya tafi, bayan mako biyu ya dawo da fushi. Mai gyara ya yi hasarar kuɗi, ya kuma yi hasarar amana, wadda ta fi kuɗin wuyar samu.

Abin da za a yi

1. A ɗaura abin wuyan hannu na musamman wanda a ke haɗa shi da wayar ƙasa. A cikinsa akwai razista mai om miliyan 1, domin lantarki ta zurare sannu a hankali. Kada a musanya shi da waya tsirara.

2. In babu shi, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki sikirin. Duk sa'ad da a ka tashi a ka dawo, a sake taɓawa.

3. A shimfiɗa tabarmar aiki mai zurarar da lantarki a kan tebur. A kawar da leda da soso da kofin roba daga wurin.

4. A sa tufafin auduga. Nailan da ulu su kan tara lantarki, haka ma kujerar roba.

5. A riƙe sikirin ta gefe. Kada yatsa ya taɓa bakin fileks, inda ƙarfe ya ke a fili.

6. A ɓare ledar fuskar sabon sikirin sannu sannu. Fizge ta da sauri ya kan haifar da lantarki mai yawa.

7. A bar sikirin cikin jakarsa mai launin azurfa har lokacin ɗora shi ya yi.

8. Da hunturu a riƙa goge daɓen shago da jiƙaƙƙen tsumma, amma kada ruwa ya kusanci kaya. Laima kashi 40 zuwa 60 cikin 100 ita a ke so.

Gargaɗi

Lalle ne a zare na'ura daga soket, a cire batir in ya yiwu, kafin a fara aiki. Kada a sa abin wuyan hannu a taɓa talabijin da ke jone da wuta. A tuna kuma akwai sassan talabijin da kan riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe shi.

Maigidan shago shi ne da alhakin koya wa yaransa waɗannan ka'idodi tun ranar da suka fara zama a tebur. Wanda ya karanta wannan takarda, muna roƙonsa ya karanta wa maƙwabcinsa na kasuwa. Rigakafi ya fi magani.