Darasi Na 23: Bugun Zuciya

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannunka ne. Tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasa su ne masu ƙarfi, su ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki duka.

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, daidai gindin babban yatsa. Abin da ka ji yana motsi, bugun zuciyarka ke nan. Idan babban mutum yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bi da bi, kamar luguden mata.

Wani lokaci ɗakin ƙasa yakan yi gaggawa, ya buga tun lokacinsa bai yi ba. Sai mutum ya ji kamar zuciyar ta tsaya, sa'an nan ta buga da ƙarfi. Wannan yakan sami mutane da yawa. Yawan cin goro, da shan taba, da rashin barci, da damuwa suna iya kawo shi. Idan zuciyar lafiyayya ce, galibi ba ya cutarwa.

Amma idan da ma zuciyar ta raunana, akwai haɗari. Ɗakunan ƙasa suna iya rikicewa, su dinga karkarwa kawai, su kasa tura jini. Nan take mutum ya faɗi. In ba a kai masa ɗauki ba, cikin 'yan mintoci sai rai ya yi halinsa.

Saboda haka kada ka yi jinkiri. Tafi asibiti idan tsallen bugun ya zo tare da ɗaya daga waɗannan:

1. Suma ko jiri.
2. Ciwon ƙirji.
3. Haki ba tare da aikin wahala ba.
4. Kumburin ƙafafu.

Mai hawan jini ya kula ƙwarai. Haka kuma mai jego. In ta fara haki da kumburi, a daina ba ta kunun kanwa, a kai ta wurin likita ran nan.

Likita yana da na'urar da ke zana bugun zuciya a kan takarda. Ba zafi, ba allura. Rage gishiri, bar taba, sha magani yadda aka ce maka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ɗakuna nawa zuciya take da su?
2. Mene ne aikin ɗakunan ƙasa?
3. Faɗi alamu 4 na haɗari.
4. Ƙidaya bugun hannun abokinka na minti ɗaya, ka rubuta adadin a littafinka.