Farfaɗowar Arziki da Ƙuri'ar Talaka: Jan Hankali ga Mutanen Bagudo

Jama'a, ana ta shelar cewa tattalin arzikin Nijeriya ya fara farfaɗowa. Masu mulki na cewa aikinsu ne, 'yan adawa na cewa a takarda kawai abin yake. Ya kamata mutumin Bagudo, da na Illo, Lolo, Kaoje da Tsamiya, ya san yadda zai auna maganar da kansa, domin shi da ke bakin iyakar Binin yakan riga na cikin ƙasa jin sauyin kasuwa a jikinsa.

Mene ne alamun?

Na farko, hauhawar farashi. A Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A farkon 2025 hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auninta, kuma daga nan adadin ya yi ta sauka. Amma a lura: raguwar hauhawa ba ita ce saukar farashi ba. Idan ruwan Kwara ya rage saurin cikowa, ba a ce ya janye daga fadama ba.

Na biyu, darajar naira. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage, a 2025 kuwa ta daidaita a wajajen 1,500. Mu nan ma'auninmu sefa ce. In naira ta faɗi, ɗan Segbana ko Malanbil da ke Binin ya canza sefa kaɗan ya cika mota da gero da masara, hatsi ya yi wa ɗan gari tsada. In ta tsaya, ɗan canji ya daina sauya farashi safe da yamma, ɗan kasuwa ya iya lissafin ribarsa tun kafin ya ɗaure kaya.

Na uku, kuɗin gwamnati. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. A 2024 Gwamna Nasir Idris na Kebbi ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, sama da 70,000 na tarayya.

Ina manomi a ciki?

Sauƙin wani tsadar wani ne. Da aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, shinkafa ta yi sauƙi a birane. Amma mai noman rani da ya sayi taki da tsada, ya zuba wa injin ban ruwa fetur na sabon farashi, da ya kai shanshera kasuwa sai ya tarar ta karye. Magidancin birni ya yi hamdala, manomi ya koma gida da bashi. Duk mai cewa arziki ya farfaɗo, a tambaye shi: buhun shanshera nawa ke sayen buhun taki ɗaya?

Yadda abin ke taɓa siyasa

Kebbi ta taɓa ganin haka. A Nuwambar 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, kuma da sunan shinkafa Gwamna Atiku Bagudu ya nemi zango na biyu a 2019 ya samu. A Agustan shekarar aka rufe iyakoki, daga baya aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafar gida ta yi daraja, amma mutanen bakin iyaka suka sha wuya.

Idan baitulmali ya cika, 'yan siyasa kan karkata wajen mai riƙe da makulli. A Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero, Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka bar PDP zuwa APC. Idan adawa ta yi rauni, aikin sa ido ya koma wuyan talaka.

Kowa da tambayarsa

Iyaka, kwastan, darajar naira da farashin mai na gwamnatin tarayya ne. Hanyoyin karkara, asibiti, makaranta da rabon taki a kan lokaci na jiha ne da ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ma akwai lissafi a kansu. Kada a yabi gwamna don dala ta sauka, kada kuma a bar shi ya fake da tarayya idan asibitin mazaɓa ba magani.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan masu neman ƙuri'a sun zo, karɓe su da mutunci, sannan ka tambaye su nawa ya shigo da abin da aka yi da shi a mazaɓarka. Adana katin zaɓenka, kada ka sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu.