Darasi na Tara: Ziyarar Birnin Dablin da Nazarin Rayuwar Harshe

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, "Tafiya mabuɗin ilimi." Wannan darasi zai bi sawun mai yawon buɗe ido a Dablin, babban birnin Jamhuriyar Ayalan, domin nazarin abin da idonsa zai gani da abin da kunnensa zai ji dangane da harshe. An zaɓi birnin ne saboda ƙasar ta ba harshenta na gado, wato Gelik, matsayi mafi girma a doka, amma mafi yawan mutanenta Ingilishi suke yi a gida da kasuwa. Wannan al'amari misali ne mai kyau ga ɗalibin ilimin walwalar harshe.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya:
i. bayyana wasu muhimman wuraren tarihi na Dablin;
ii. kawo dalilan da suka raunana harshen Gelik;
iii. bambance matsayin harshe a doka da amfani da shi a rayuwar yau da kullum.

3.0 Birnin da Sunayensa

Dablin yana gabar gabashin tsibirin Ayalan, a inda kogin Lifi yake shiga teku. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa ƙasar tana da mutum miliyan 5.1, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna zaune a Dablin da kewayensa. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa yankin arewa maso gabashin tsibirin, mai hedikwata a Belfas, yana ƙarƙashin Birtaniya ne. Kuɗin Jamhuriyar Ayalan yuro ne, motoci suna bin hannun hagu, ruwan sama kuma ba shi da lokaci, don haka baƙo ba ya rabuwa da lema.

Abu na farko da zai ja hankalin baƙo tun daga filin jirgin sama shi ne allunan hanya masu harshe biyu, Gelik a sama, Ingilishi a ƙasa. A nan zai gane cewa birnin yana da suna biyu. Sunan Dablin ya samo asali daga kalmomin Gelik Dubh Linn, ma'ana "baƙin tafki", wato gurbin da mayaƙan teku daga Sikandinabiya suka kafa sansani a shekarar 841. Sunan da masu Gelik suke amfani da shi kuwa shi ne Baile Átha Cliath, ma'ana "garin mashigi mai shingen itace". Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2004 sunansa Luas, wato "sauri". 'Yan sanda Garda ake ce musu, firaminista kuma Taoiseach. A ƙofar ban ɗaki baƙo kan ga an rubuta Fir da Mná. Na farko na maza ne, na biyu na mata, kuma baƙi da dama kan ruɗe saboda harafin M.

3.1 Wuraren Ziyara

Titin O'Connell shi ne babban titin birnin. A kansa akwai Babban Gidan Waya, inda masu fafutukar 'yanci suka kafa hedikwata a tawayen Ista na 1916. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Patrick Pearse, malamin makaranta ne da ya buɗe makaranta mai koyarwa da harsuna biyu a 1908. Bayan murƙushe tawayen, hukumar Birtaniya ta harbe shi a kurkukun Kilmainham, wanda yanzu gidan tarihi ne. Daf da gidan wayar akwai wani dogon ƙarfe mai tsini kamar allura, mai tsayin mita 120, wanda aka kafa a 2003.

Daga nan baƙo kan tsallaka kogin ta wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa da aka gina a 1816. Ana yi mata laƙabi da gadar sisin kwabo, domin kuɗin da ake biya ke nan kafin a haye ta har zuwa 1919. A kudancin kogin akwai Kwalejin Tiriniti da aka kafa a 1592. A nan ake ajiye Littafin Kells, kwafin Linjila huɗu da aka rubuta da hannu a kan fata wajen shekarar 800, cikin harshen Latin, aka ƙawata shi da zane-zane masu launi.

A harabar tsohuwar fadar Dablin akwai ɗakin karatu na Chester Beatty, wanda ke ɗauke da rubuce-rubucen hannu daga ƙasashen Musulmi da gabashin Asiya. Daga cikinsu akwai Alƙur'anin da shahararren magwanin rubutu Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekarar 391 ta Hijira. Lambun da ke gaban ginin yana kan gurbin baƙin tafkin da ya ba birnin suna.

Dablin gari ne na marubuta, har hukumar UNESCO ta ayyana shi a matsayin Birnin Adabi a 2010. Uku daga cikin haifaffunsa sun ci kyautar Nobel ta adabi: W. B. Yeats a 1923, George Bernard Shaw a 1925, da Samuel Beckett a 1969. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi fice da rubutun Gelik. Da Ingilishi suka yi suna, Beckett kuma ya haɗa da Faransanci.

3.2 Yadda Harshen Ya Raunana

Duk da yawan allunan Gelik, baƙo kan kwana uku a Dablin bai ji ana ciniki ko hira da harshen ba. Gelik na cikin dangin harsunan Keltik, kuma tsarin jimlarsa ya sha bamban da na Hausa da Ingilishi, domin aikatau ne ke zuwa farko, sai aikau, sai karɓau, kamar yadda ake samu a Larabci. Dalilai uku ne manya suka raunana shi.

Na farko, mulkin Ingila na ɗaruruwan shekaru ya mayar da Ingilishi harshen kotu da ofis da neman abinci. Na biyu, makarantun firamare na ƙasa da aka soma a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. A wasu wurare akan rataya wa yaro ɗan itace a wuya, a yi masa tsaga duk sa'ar da ya yi magana da Gelik, a hore shi gwargwadon yawan tsagar, sau da yawa da yardar iyayensa. Na uku, babbar yunwar da ta soma a 1845 sakamakon cutar dankalin Turawa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi ƙaura, galibinsu daga yankunan da aka fi jin Gelik. Iyayen da suka san 'ya'yansu Amurka ko Ingila za su nufa sai suka ga Ingilishi ne guzurin da ya fi dacewa su ba su.

3.3 Ƙoƙarin Farfaɗowa

A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a Dablin, ƙarƙashin jagorancin Douglas Hyde, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Bayan samun mulkin kai a 1922 an wajabta koyar da harshen a makarantu. Tsarin mulkin 1937 ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na farko, Ingilishi na biyu. An buɗe masa gidan rediyo a 1972 da gidan talabijin a 1996, ya kuma shiga jerin harsunan Tarayyar Turai a 2007.

Sakamakon wannan ƙoƙari ya bayyana a ƙidayar 2022. Kimanin mutum miliyan 1.9 sun ce suna iya magana da harshen, amma kimanin dubu 72 kawai suke amfani da shi kullum a wajen makaranta. Ke nan makaranta ta samar da masu sanin harshen da yawa, masu rayuwa da shi kuwa 'yan kaɗan ne. Inda aka fi ganin nasara shi ne makarantun da ke koyar da dukkan darussa da Gelik, domin a can yaro yana lissafi da wasa da faɗa da harshen.

4.0 Kammalawa

Ziyarar Dablin ta nuna cewa doka da allo da jarrabawa suna kare martabar harshe, amma ransa yana hannun iyayen da ke magana da shi ga 'ya'yansu. Wannan ya shafi malamin Hausa ta fuska biyu. Sashe na 55 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci Hausa cikin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su, amma akwai gidajen Hausawa a birane da yara ke tasowa da Ingilishi, akwai kuma makarantun da ke hukunta yaro don ya yi harshen uwa. Ta ɗaya fuskar, Hausa kan zama mai rinjaye a kan ƙananan harsuna, kamar yadda masu harshen Ajawa a ƙasar Bauchi suka bar nasu suka koma Hausa. Malami zai tarar da yara daga ɓangarorin biyu a ajinsa, kuma haƙƙinsa ne ya koyar da Hausa ba tare da ya sa wani yaro jin kunyar harshen gidansu ba.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo ma'anar sunaye biyu na birnin Dablin.
2. Tattauna dalilai uku da suka raunana harshen Gelik.
3. Me alƙaluman ƙidayar 2022 suka nuna game da iyakar tasirin makaranta?
4. Zagaya kasuwar garinku, ka rubuta harsunan da ke kan alluna da waɗanda ake ciniki da su, sa'an nan ka kwatanta da abin da aka gani a Dablin.