Ƙidayar Tsuntsayen Fadama

Jama'a, ku sani duk shekara a watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, aikin da aka soma tun 1967. A Nijeriya an fi yin ta a fadamun Haɗejiya da Nguru. To, mu ma Kogin Sakkwato ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ga madatsar ruwa ta Gusau, ga tafkuna da kududdufan ƙasar Tsafe. Manomin nan ya san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta ƙarato. Sanin yana nan, rubutawa ce ba a yi.

Kafin ƙidaya sai an iya rarrabewa. Dubi baki, dubi ƙafa, sa'an nan ka saurari kuka. In tsuntsu ya tashi, lura da wuyansa: zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi sambal. Kirinjijiya farar fuska gare ta, kuma tun kafin ka hango garkenta za ka ji fito. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, baƙa ce mai farin ciki. Gauraka fa, wanda ya gan shi yau ya yi babbar sa'a, gama ya kusa ƙarewa a ƙasar nan.

Ka fita da sassafe, rana tana bayanka, ka zauna wuri guda ba motsi. In garke ya yi yawa, ƙirga goma, ka riƙa auna sauran da ita. Rubuta kwanan wata, da sunan fadama, da inda ruwa ya tsaya. Baɗi ka koma nan ɗin dai, kada ka sake wuri. Raguwar zalɓe shekara bayan shekara tana iya nuna kifi ya yi ƙaranci, ko yashi ya cike tafki, ko maganin feshi ya gangara ruwa.

Kada ka yi nisa kai kaɗai, kuma ka sanar da mai unguwa, don kada a ga baƙo da littafi a zarge shi. In ka ci karo da makwancin jan-baki, garzaya wurin malamin gona tun gero bai yi ido ba.