Jijjigar Fanka Mai Majaujawa a Injinan Hatsi: Dalilai da Kalmomi, Misali Daga Illela

Illela, garin kan iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, babbar matattarar hatsi ce a jihar Sakkwato. Injinan sussuka da na niƙa da ake aiki da su a irin wannan wuri sun dogara da fanka mai majaujawa, wadda ke zuƙo iska ta tsakiya ta watsa ta gefe domin fitar da ƙaiƙayi ko tura gari.

Babban dalilin jijjigarta shi ne rinjayen nauyi. Ƙurar hunturu da dusa kan manne wa fukafukai, yashi kuma ya cinye wani gefe fiye da wani. Giram 10 kacal da ya manne santimita 30 daga tsakiya, a juyi 1,500 cikin minti, yana fizgar sandar fanka da ƙarfin nauyin kilo 7.5. Idan gudu ya ninka, ƙarfin kan ninka sau huɗu. Sauran dalilan su ne lalacewar boris, kaucewar sanda daga saiti, kwancewar noti, da sakin bel. Sakaci da su kan jawo tsinkewar fiffike, wanda ke iya raunata mai injin.

Hausa na da kalmomin rarrabe waɗannan alamu. Ana iya keɓe “jijjiga” ga motsin dukkan inji, “rawa” ga abin da ya kwance, “karkarwa” ga ƙaramin motsi mai sauri irin na boris. Daidaita su a ƙamusun fannu zai sauƙaƙa koyar da makanikai da harshensu.